Zanen Mafarki: Yadda Za Ka Zana Abin Da Ba Ya Yiwuwa Har Mai Kallo Ya Gaskata

Akwai wani zane da Frida Kahlo, 'yar ƙasar Meziko, ta yi a 1944. Mace ce, ita kanta Kahlo, tsaye a fili fetal, ƙasa duk ta tsattsage a bayanta. An tsaga jikinta daga wuya zuwa ƙugu, kuma a gurbin ƙashin baya sai ga ginshiƙin dutse irin na tsofaffin gine-ginen Girka, ya karye a wurare da dama. Ƙusoshi sun soke fatarta ko'ina. Ko ba a gaya maka cewa ta yi mummunan haɗarin mota a 1925 tana 'yar shekara 18 ba, kana kallo za ka ji naka bayan ya amsa.

Abin da ta yi, duk wanda ya zauna ajin adabin Hausa ya san sunansa: siffantawa. Da ta ce ƙashin bayanta kamar ginshiƙi yake, da kamantawa ke nan. Amma burushi bai san kalmar "kamar" ba. Abin da ka ɗora a kan ƙyalle ya zauna ke nan, ginshiƙin shi ne ƙashin. Shi ya sa siffantawa a zane ta fi ta baki kaifi, kuma ta fi ta saurin lalacewa idan hannu ya kuskure.

Salon yana da asali. A 1924 marubucin Faransa André Breton ya fitar da takardar aƙidar abin da ya kira suriyalizim, wato abin da ya haura zahiri, a birnin Paris. Su Salvador Dali na Sifen, René Magritte na Beljiyam da Max Ernst na Jamus suka ɗauke shi zuwa fenti. A Alƙahira wasu matasa, cikinsu har da Georges Henein da Ramses Younan, suka kafa tasu ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1930. Yau salon ya dawo da ƙarfinsa. Babban baje kolin zane na Venice na 2022 ya ari sunansa ne daga wani ɗan littafin Leonora Carrington, mai zane a wannan salo, kuma a Nuwamban 2024 an sayar da wani zanen Magritte a New York kan kusan dala miliyan 121. Ni dai a nan zan riƙa ce masa zanen mafarki, don bakinmu ya fi sabawa.

Zan bi ka da misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: hoton tsohuwa mai jiran ɗanta da ya tafi ci-rani bai dawo ba.

Mataki na farko: samo abin da ke damunka, ka rubuta shi a jimla ɗaya

Kada ka fara da hoto. Masu koyo da yawa suna farawa da "zan zana mutum mai kan agogo", alhali ba su san me agogon ya zo yi ba. Ɗauki takarda ka rubuta jimla guda a kan wani hali da ka gani da idonka. Tawa ita ce: jira yana cinye mai jira a hankali, ba tare da ya sani ba. Idan jimlarka ta kai layi uku, ba ka gama tunani ba. Idan kuma ta yi faɗi irin "talauci ba kyau" ko "duniya ta lalace", za ka ƙare da allon talla. Matso da ita kusa: talaucin wa, a wane ɗaki, da wane lokaci na rana?

Wanda kansa ya cushe yana da hanyoyin da magabata a wannan salo suka bari. Dali ya bayyana yadda yake gyangyaɗi a kujera da makulli a hannu, faranti a ƙasa. Da barci ya fara ɗaukarsa sai makullin ya faɗi, ƙarar ta tashe shi, ya kama hoton da ya gilma masa tsakanin barci da farke. Ernst kuwa a 1925 ya fara shimfiɗa takarda a kan tsohon daɓen katako yana goga fensir, sannan ya duba me ya fito daga zanen itacen. Kai ma gwada a kan bangon ƙasa, ko faifai, ko bayan ƙwarya. Ajiye ɗan littafi kusa da shimfiɗarka, ka rubuta mafarki kafin ka yi magana da kowa. Amma duk waɗannan tarkacen gini ne, ba su ne ginin ba. Sai jimlarka ta zaɓi wanda za a ɗauka.

Mataki na biyu: nemo abin da zai ɗauki nauyin maganar

Nan ne zan daɗe, domin nan zane yake mutuwa ko ya rayu.

A farkon shekarun 1930 Magritte ya zana keji, a cikinsa kuma ƙaton ƙwai a maimakon tsuntsu. Shi da kansa ya ɗauki wannan zane a matsayin juyi a aikinsa. Kafin nan, abin da 'yan salon suka fi yi shi ne haɗa abubuwa biyu da ba su da dangi, don a girgiza mai kallo. Ƙwai da keji kuwa 'yan uwa ne na ɓoye. Kana gani ka yi mamaki, can kuma sai ka ce, ai kuwa haka ne. Wannan "ai kuwa haka ne" ita kake farauta.

Ga yadda za ka yi. Rubuta duk abin da ke kewaye da mutumin da kake son zanawa, aƙalla guda ashirin, kada ka tace. Na tsohuwata: tabarma, carbi, buta, ƙofar zaure, wayar salula mai fasasshen gilashi, ƙwaryar fura, mafici, kaji, inuwar darbejiya, takalmin yaron da ya bari. Sai ka ɗauki kowanne ka tambaye shi: me ya haɗa ka da jira? Waya ta yi saurin bayyana kanta, kowa zai gane kafin ya tsaya. Takalmi ma an sha yi. Tabarma kuwa a kanta ake jiran. Ita ma ba ta motsi, ita ma a hankali aka saƙa ta, zare bayan zare. Sai hoton ya zo: tsohuwa zaune da ƙafafu a miƙe, saƙar kabar tabarmar ta hau tafin ƙafarta, ta wuce idon sawu, tana dosar gwiwa. Matar tana zama tabarmar. Fuskarta kuwa lafiya lau, tana duban ƙofa.

Hanyoyin karya zahiri ba su da yawa. Ko ka musanya abu da wani, kamar ginshiƙin Kahlo. Ko ka narkar da abu biyu su zama ɗaya, kamar takalman Magritte na 1935 da bakinsu ya rikiɗe ya koma yatsun mutum. Ko ka sauya girma, ƙaramin abu ya cika ɗaki. Ko ka sauya halin abu, mai tauri ya yi laushi, irin agogunan Dali na 1931 da suka narke, ɗaya yana reto a reshe, a ɗan zanen da bai wuce santimita 24 da 33 ba. Ko ka cire abu daga muhallinsa, ko ka ɓoye abin da ido ke nema, kamar mutumin nan mai malafa da koren tuffa ya tare masa fuska a zanen Magritte na 1964. Zaɓi guda ɗaya tak.

Na ce guda ɗaya domin na sha ƙasa a nan. Gwajina na farko na wannan hoto, bayan tabarmar sai da na ƙara agogo ba hannu a bango, da tsuntsu ɗaure da zare, da wata tsaka mai fuskar mutum. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya tsaya ya duba ya ce, "Yaro, wannan ai ranar kasuwa ce. Wa zan saurara?" Na goge duka na bar tabarmar, sai a lokacin ta fara magana. Idan komai a zane baƙo ne, to babu baƙo. Abin mamaki yana buƙatar ɗaki na yau da kullum da zai tsaya a ciki.

Mu Hausawa muna da rumbu a wannan fanni da ba mu cika buɗewa ba. Karin maganarmu hotuna ne zalla. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." "Haƙuri maganin zaman duniya." Na farkon zane ne da ya riga ya gama kansa, na biyun kuma babu hoto a cikinsa, bar shi. Sai dai a kula, kwafe karin magana kai tsaye yakan haifar da zanen barkwanci irin na jarida. Ɗauki yadda take tunani, ka bar kalmominta. Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka dage cewa a haɗa fasahar da aka koyo da abin gida, kuma har yanzu maganar ba ta tsufa ba.

Wani zai ce, zana mai rai fa? Malamai sun yi magana mai yawa a kai, kuma ba hurumina ba ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Abin da zan iya cewa ta fuskar sana'a shi ne, salon nan yana iya nuna mutum ba tare da mutum ba: babbar riga tsaye ba kowa a ciki, gurbin zama da ya lotsa a kan katifa, inuwa a bango. Sau da yawa ma hakan ya fi sa tsigar jiki tashi.

Mataki na uku: ƙananan gwaje-gwaje, sannan hoton madogara

Zana akwatuna goma girman tafin hannu a takarda. A kowanne ka gwada tsari daban da fensir ko gawayi, minti biyu kacal, da launi uku: fari, toka, baƙi. A wani ka sa matar a tsakiya, a wani a gefe, a wani ka kalle ta daga ƙasa. Abin da kake nema shi ne hanyar ido. A nawa, na so mai kallo ya fara da fuska, ya bi hannu zuwa cinya, sai daga baya ya gangaro ya ci karo da ƙafafun. Wannan ɗan jinkirin na daƙiƙa biyu ya fi a watsa masa abin a fuska.

Da ka zaɓi tsari, nemi wanda zai zauna maka, da izininsa, ka ɗauki hoto da waya. Haske ya fito daga wuri ɗaya kawai, taga ko ƙofa, a kashe ƙwan ɗaki. Ɗauki tabarmar ma a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da haske ɗaya. Sannan ka yi abin da mutane ke ƙyuyar yi: yanki tsohuwar tabarma ka naɗe ta a ƙafar mai zaman, ko a kan taɓarya, ka ga yadda saƙa ke lanƙwasa idan ta zagaye abu mai kauri. Layukan suna matsewa a gefe, suna buɗewa a tsakiya. Kai ba zai ba ka wannan ba, sai ido.

Mataki na huɗu: kaya

Ba sai ka tara da yawa ba. Kambas, wato ƙyallen zane mai kauri da aka ja a kan firam, mai santimita 60 da 80 ya isa, ko akoko mai kauri da kafinta zai ja maka a kan firam, ko falankin filawud. A shafa jeso, wato farin shafin share fage da ake yi kafin fenti, sau uku, kowane shafi ya bushe a goge da samfefa mai laushi, domin wannan salon yana son fuska mai santsi. Ɗalibai kan haɗa farin fentin bango da farin gam na kafintoci a madadin jeso. Don koyo ba laifi, amma kada ka yi wa aikin sayarwa haka.

Launi biyar: fari, ruwan ɗorawa mai duhu irin na ƙasa, ja, shuɗi mai zurfi, da ruwan ƙasa mai duhu. Shuɗin da ruwan ƙasan idan suka haɗu suna ba da baƙin da ya fi na kwalba rai. Burushi babba mai faɗi, matsakaita biyu, da siriri ɗaya. Mai farawa ya kama fentin akirilik, wanda ake wanke shi da ruwa. Matsalarsa saurin bushewa, a hunturu kuwa kafin ka juya ya daskare. Maganin shi ne tire, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a rufe da takardar gashin burodi, a matsa fentin a kai. Fentin mai ya fi daɗin narkar da launi, amma yana son haƙuri da ɗaki mai iska.

Shi kansa abin da ka zana a kai yana iya zama siffantawa. Michael Armitage, haifaffen Nairobi a 1984, yana zane a kan lubugo, ƙyallen ɓawon itace na Uganda da ake yi wa mamaci likkafani da shi. Ramuka da ɗinkin ƙyallen suna fitowa a tsakiyar hoton, kuma ba ya ɓoye su.

Mataki na biyar: tsara jiki, ka fara da launi ɗaya

Ja layukan murabba'i a kan gwajinka, ka ja irinsu masu girma a kan kambas, ka kwashe zanen gida-gida. Tsayin babban mutum ya kai kansa bakwai da rabi, idanu kuma a tsakiyar kai suke, ba can sama ba. Duba aikin a madubi, karkacewar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Kada ka yi wa kanka uzuri da cewa ai zanen mafarki ne. Idan hannun matar ya fito a karkace bisa kuskure, mai kallo ba zai bambance kuskurenka da niyyarka ba, shi ke nan tabarmar ta rasa ƙarfinta.

Shafe kambas ɗin duka da ruwan ƙasa mai ruwa-ruwa don farin ya daina kashe maka ido. Sannan ka zana hoton gaba ɗaya da ruwan ƙasa da fari kawai, duhu da haske, ba wani launi. Ja da baya taku biyar ka runtse ido. Idan hoton bai tsaya da ƙafarsa a haka ba, launi ba zai cece shi ba.

Inuwa ita ce shaidar da ido ke karɓa. Duk abin da ka ƙirƙira, ba shi inuwar da ta faɗi gefen da sauran inuwoyin suka faɗi, kuma ka ƙara duhu a daidai inda ya taɓa ƙasa. Masu zanen yau irin Michaël Borremans na Beljiyam da Neo Rauch na birnin Leipzig a Jamus, abin da ke sa mutanensu su tsaya maka a rai shi ne an zana su da natsuwar mai zana hoton liman, alhali abin da suke aikatawa ba ya kama hankali.

Mataki na shida: mahaɗa

Wurin da fata ta koma kaba bai fi faɗin tafin hannu ba, amma ya ci mini kwana huɗu, sauran hoton kuma kwana shida. Idan ka ja layi tsakaninsu, sai ya zama mace ce sanye da safar tabarma. Idan ka dama su kamar kunu, sai ya zama datti.

Ga abin da ya yi mini aiki. Na fara da fatar ƙwauri cikakkiya, kamar babu abin da zai same ta. Da ta bushe, na ɗauki siririn burushi na fara saƙar daga ƙasa, da launin kaba sosai a tafin ƙafa. Ina hawa ina ƙara launin fatar a cikin na kabar kaɗan-kaɗan, ina kuma rage kaifin layukan. A saman idon sawu, saƙar ta koma kamar tamoji na tsufa, irin layukan da ke kan fatar tsofaffi idan hunturu ya busar da ita. Can kusa da gwiwa kuwa sai zare biyu ko uku kawai na bari suka yi gaba su kaɗai, kamar 'yan leƙen asiri. Iyakar kada ta zama madaidaiciya, ƙafar hagu ta fi ta dama nisa. A ƙarshe na shafa siririn launi mai shara-shara a kan wurin duka, fata da kaba, don haske ɗaya ya lulluɓe su. A akirilik ka sirka da ruwan haɗinsa na musamman, ruwa zalla idan ya yi yawa yana raunana fentin. A fentin mai kuma kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai, in ba haka ba ya tsattsage. Ana ɗora mai a kan akirilik, ba a ɗora akirilik a kan mai.

Fuskar ita ma ta so ta yaudare ni. Hannu yana ƙaiƙayin sa mata hawaye. Kada ka yarda. Ƙafafun sun riga sun yi kukan, idan fuska ta maimaita, ka faɗi magana sau biyu. Kahlo ta sa hawaye a nata zanen, gaskiya ne, amma duba fuskar, ko gezau, tana kallonka kai tsaye.

Mataki na bakwai: gwaji, suna, da adanawa

Juya zanen ya fuskanci bango kwana uku, ƙura ma ba za ta hau shi ba. Sannan ka kira mutum biyu da ba su san zane ba, ka yi shiru, ka tambaye su me suka gani. Ba me suka fahimta ba, me suka gani. Maƙwabciyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wayyo, baiwar Allah, tun yaushe take zaune a nan?" Da ta ce tabarmar ta yi kyau, da na koma mataki na shida. Idan kuma kowa ya ba ka amsa iri ɗaya cikin daƙiƙa guda, ka bayyana da yawa, nemi abin da za ka cire.

Suna kada ya zama fassara. "Uwa Mai Jiran Ɗanta" ya rufe ƙofar da zanen ya buɗe. Magritte yakan tara abokansa su raɗa wa zanensa suna, kuma da gangan suke kauce wa bayani. Nawa na sa masa "La'asar". Sa hannu ƙarami a lungu, ka rubuta shekara, girma da irin fentin a baya. Akirilik ya samu kamar mako biyu kafin a shafa masa man sheƙi, fentin mai kuwa sai ya yi aƙalla wata shida. Ɗauki hotonsa kafin shafin, a inuwa da safe, wayar a daidai tsakiyar zanen, domin bayan an shafa ƙyalli zai riƙa cinye maka duhun da ka sha wahalar ginawa.